Yadda Ake Canza Taken Imel Ba Tare da Zaren Magana Ya Tsinke Ba

Akwai shekarar da muka yi aikin wani rahoto mu tara, kowa yana inda yake, imel ne kaɗai ke haɗa mu. Wata rana ɗaya daga cikinmu ta so ta sanar da mu cewa an matso da ranar miƙa aikin da mako guda. Maimakon ta buɗe sabon saƙo ta jera adireshinmu, sai ta lalubo wani tsohon saƙo da dukkanmu ke ciki, na barka da dawowa daga hutu, ta danna amsa wa kowa, ta rubuta sanarwarta a ciki. Taken yana nan yadda yake, barka da dawowa. Mu huɗu, har da ni, mun daɗe da daina buɗe wannan zaren, don mun san babu komai a cikinsa sai gaisuwa da godiya. Sai ana jibi wa'adi muka ji labari a bakin wani. Kwana biyu muka yi ba barcin kirki, aka kuma ɗauki makonni ana jin haushin juna, alhali ba wanda ya yi nufin cutar da kowa.

Tun daga lokacin na daina raina taken saƙo. Layi ɗaya ne tak, amma shi mutum ke dubawa ya yanke ko ya buɗe saƙonka yanzu, ko sai anjima, ko ya wuce shi ke nan. Shi ne kuma abin da wanda zai zo bayan wata shida, yana neman inda aka tsayar da wata magana, zai rubuta a wurin bincike don ya kama bakin zaren.

Kafin a shiga matakai, akwai abubuwa biyu da mutane ke haɗawa su ɗauka ɗaya ne: canza take, da fara sabon zare. Kana iya canza take zaren yana nan a ɗaure, kana kuma iya fara sabon zare da tsohon take. Yawancin rikicin da ake samu daga rashin bambance su yake tasowa.

Zaren da ido ba ya gani

Kowane imel yana tafe da wasu bayanai a goshinsa waɗanda manhajarka ke ɓoye maka. Uku daga ciki su ne suka shafe mu. Na farko Message-ID, wato lambar shaidar saƙon, wadda ba a so a sami wani saƙo mai irinta. Idan ka danna amsa, manhajar tana ɗaukar lambar saƙon da kake amsawa ta sa a wani layi mai suna In-Reply-To. Sai na uku, References, inda ake jera lambobin saƙonnin da suka gabata, daga kaka zuwa uba har zuwa wanda kake amsawa. Waɗannan layukan suna cikin RFC 822, takardar ƙa'idar imel da David Crocker ya tsara a 1982, wadda aka sabunta a 2001, aka sake sabuntawa a 2008 da sunan RFC 5322. Idan kana son gani da idonka, a Gmail ka danna ɗigo ukun da ke gefen saƙo ka zaɓi Show original, a manhajar imel ta Thunderbird kuma ka danna Ctrl da U tare.

To ga inda gizo ke saƙa. Idan ka danna amsa, ka goge take, ka goge duk abin da ke cikin saƙon, ka rubuta sabuwar magana fes, waɗancan layukan suna nan ba su gogu ba. A idonka sabon saƙo ne. A wurin manhajar wanda ya karɓa kuwa, ɗan tsohon zare ne, can ƙarƙashinsa za ta rataye shi.

Kuma manhajoji ba bakinsu ɗaya ba. Thunderbird da Mutt suna bin waɗannan ɓoyayyun lambobin, su nuna maka hira kamar bishiya mai rassa, ko da take ya canza. Gmail, wanda tun fitowarsa a ranar 1 ga Afrilun 2004 yake tattara saƙonni wuri ɗaya a matsayin hira, yana duba take shi ma: da zarar take ya canza sai ya ɓalle sabuwar hira, haka nan idan saƙonni suka wuce 100. Outlook kuwa yana da nasa layukan da yake ƙarawa, Thread-Topic da Thread-Index. Saboda haka abin da kake gani a fuskar wayarka ba lalle shi abokin aikinka ke gani a kwamfutarsa ba, kuma duk shawarar da za ta biyo baya an gina ta ne don ta yi wa kowa daidai, ko wace manhaja yake riƙe da ita.

Mataki na farko: tsaya ka tambayi kanka

Kafin yatsanka ya taɓa take, ka yi wa kanka tambaya ɗaya: wanda bai karanta saƙonnin baya ba, zai fahimci abin da zan rubuta?

Idan ba zai fahimta ba, kuma taken da ke sama har yanzu yana faɗin gaskiyar abin da ake tattaunawa, ka danna amsa ka bar take yadda yake. Idan ba zai fahimta ba, amma maganar ta gangara ta bar taken a baya, wurin canza take ke nan tare da riƙe zaren. Idan kuwa zai fahimta sarai, maganarka ba ta jingina da komai na baya ba, to zaren ba kalar yadin ba ne, sabon saƙo za ka buɗe.

Mataki na biyu: san lokacin da ba a taɓa take

Na fi ganin masu canza take ba dalili fiye da yadda ake zato, kuma galibi masu son tsafta ne. Wani ya ga kuskuren harafi a taken ya gyara, wani ya ƙara "an gani", wani ya sa sunansa. Duk wanda ya yi haka ya yanka hirar gida biyu ga masu Gmail, gobe mai neman tarihin maganar ya tarar da guntu huɗu ko biyar a warwatse. Kuskuren rubutun da bai canza ma'ana ba, ka ƙyale shi.

Kada ka taɓa lambar da kamfani ko ofishi ya sa a take, irin wadda ake gani a cikin baka idan ka kai ƙorafi aka buɗe maka fayil. Na'urori da yawa da wannan lambar suke gane inda za su ajiye amsarka. Ka cire ta, sai a buɗe maka sabon ƙorafi, ka koma bayan layi, ka sake bayani daga farko ga wani ma'aikacin daban. Haka gajeren sunan aiki da abokan aiki suka yarda a riƙa sawa a farkon take, domin wasu sun saita akwatinsu ya riƙa ware saƙonni da shi.

Akwai kuma canjin da ni a wurina rashin ladabi ne tsagwaronsa: mai da take wurin faɗa. Mutum ya mayar da "Rahoton wata" ya koma "Rahoton wata, har yanzu ba ka turo ba", alhali mutum goma suna cikin saƙon. Wannan tonon silili ne, kuma taken zai ci gaba da yawo a akwatin kowa bayan an daɗe da shiryawa. Ƙorafi a cikin saƙo ake yin sa, ga wanda ya shafa. Haka ƙara GAGGAWA da manyan baƙaƙe a kan maganar da ba ta gaggawa ba. Sau biyu ko uku za ka ci riba, daga nan ranar da gobarar gaskiya ta tashi ba mai waiwayowa.

Wuri biyu ne nake gyara take ko da maganar ba ta sauya ba. Idan babu take ɗungum, sai na sa masa tun a amsar farko, kafin zaren ya yi tsawo. Idan kuma taken yana ɗauke da kuskuren da zai ɓatar da mutane, kamar a rubuta taro ranar 12 alhali ranar 14 ne, gyara ya zama dole, kuma a fili: "Gyara: taron ranar 14 ne, ba 12 ba". A nan tsinkewar hirar alheri ce, don ana so gyaran ya fito shi kaɗai kowa ya gan shi.

Mataki na uku: idan magana ta gangara

Wannan shi ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa, don haka zan daɗe a kansa.

A ce an buɗe zare mai taken "Taron kwamiti na ranar Litinin". An tsayar da lokaci, an tsayar da wuri, sai wani ya tambayi wa zai biya kuɗin bitar da za a tattauna a taron. Mutum uku suka amsa, aka fara kawo lissafi. Yanzu ana maganar kasafin kuɗi ne a ƙarƙashin taken taro. Ma'ajin kwamiti, wanda ya riga ya san ba zai halarci taron ba, ya daina buɗe zaren, ga shi kuwa shi ya fi kowa sanin amsar.

Ga yadda za ka yi. Ka danna amsa a kan saƙon da ya kawo sabuwar maganar, shi kansa, don ɓoyayyun lambobin su nuna daga inda reshen ya tsiro. Sai ka buɗe wurin take. A Outlook da Thunderbird yana nan a fili cikin tagar amsa. A Gmail na kwamfuta a ɓoye yake: ka danna 'yar kibiyar da ke saman akwatin amsa ta hagu, ka zaɓi Edit subject. Ka rubuta sabon take a gaba, tsohon ya biyo baya a cikin baka, kamar haka:

Kasafin kuɗin bita (a da: Taron Litinin)

Wannan tsohuwar al'ada ce ta masu amfani da intanet tun zamanin Usenet, wani tsohon dandalin tattaunawa, inda ake sa kalmar Ingilishi "was" kafin tsohon take. Idan da Hausa kuke rubutu, "a da" ta wadatar. Idan kuna tare da waɗanda ba sa jin Hausa, ka yi amfani da tasu, don ita suka saba gani. Ka cire Re:, alamar amsa da manhaja ke sawa, daga farkon sabon taken, tunda ba a taɓa rubuta wani saƙo da wannan sunan ba balle a ce amsarsa kake bayarwa. Ka kuma taƙaita tsohon taken zuwa kalma biyu ko uku da za su isa a gane shi.

Abin da ke cikin bakan ba na zama ba ne. A al'ada wanda ya fara amsawa shi ke cire shi, sai ya rage "Re: Kasafin kuɗin bita". Amma ka tuna cirewar ma canjin take ce, Gmail zai sake ɓalle hirar. Don haka ra'ayina shi ne, ko dai a cire a amsar farko lokacin da saƙo ɗaya kawai za a bari a baya, ko a bar shi har maganar ta ƙare. Cire shi a saƙo na goma sha biyar ɓarna ce kawai. Abin da ba a so ko kaɗan shi ne baka a cikin baka, "a da" a kan "a da". Idan magana ta sake gangarawa, take na kusa kawai ake ambata, na can baya ya sauka.

Layin farko na saƙonka ya faɗi abin da ka yi: "Na canza take saboda maganar ta koma kan kuɗin bita." Kada ka ɗauka kowa zai lura da kansa.

Sai ka gangara ƙasa ka rage tarihin da manhajar ta kwafo. Ka bar sakin layi ɗaya ko biyu da suka haifi sabuwar maganar, sauran ka goge. Wannan shawarar ma ba sabuwa ba ce. Takardar ladubban intanet, RFC 1855, wadda Sally Hambridge ta kamfanin Intel ta rubuta a Oktoban 1995, ta ce take ya riƙa nuna abin da saƙo ya ƙunsa, mai amsa kuma ya kawo daga tsohon saƙo gwargwadon abin da zai sa a gane mahallin maganar kawai.

Daga nan ka ɗaga kai ka duba sunayen waɗanda saƙon zai je wa, ɗaya bayan ɗaya. Mutanen taro daban, mutanen kasafi daban. Wanda ba ruwansa da kuɗi ka sauke shi, wanda ya kamata ya shigo ka ƙara shi, ka kuma faɗa a fili: "Na ƙara ma'aji, na sauke waɗanda maganar ba ta shafa ba." Idan kana so wanda ka sauke ya san an ɗauke maganar, ka sa shi a layin Bcc, wato kwafin ɓoye da sauran ba sa ganin sunan wanda ke ciki, na wannan saƙon kaɗai, ka ambata cewa ka yi hakan. Zai ga wannan, amsoshin da za su biyo baya kuma ba za su dame shi ba. Ƙara mutum kuwa ya fi sauke shi haɗari. Duk wanda ka ƙara zai karanta abin da ka bari a ƙasa, har da maganar da wani ya yi saboda ya san su waye ke sauraro. Na taɓa ganin an ƙara wani baƙo a zaren da, saƙonni bakwai a ƙasa, ake tattauna ko a ci gaba da aiki da shi ko a sallame shi. Ka karanta tarihin har ƙarshe kafin ka ƙara kowa. Amanar waɗanda suka yi magana a baya tana hannunka.

Abu na ƙarshe a wannan matakin, wanda kusan kowa ke mantawa: ka koma tsohon zaren ka bar layi ɗaya. "Maganar kuɗin bita ta koma ƙarƙashin taken Kasafin kuɗin bita, don Allah a ci gaba da ita can." In ba haka ba rabin mutane za su ci gaba da amsawa a tsohon wuri, a wayi gari ana lissafi biyu a zare biyu, kowane ɓangare bai san abin da ɗayan ya tsayar ba.

Wani zai ce, ni ƙarami ne a wurin, ina ni ina canza taken da shugaba ya sa? Canza take don magana ta sauya ba raini ba ne, hidima ce, matuƙar ka yi shi da lafazi mai kyau: "Ranka ya daɗe, na ware maganar kuɗin a ƙarƙashin take nata don kada ta shige cikin ta taro." Ban taɓa ganin wanda ya ji haushin wannan ba. Abin da ba ya kyautuwa shi ne ka sake wa sanarwar wani suna alhali maganar tana nan inda take.

Mataki na huɗu: sabuwar magana, sabon saƙo

Nan babu wahala. Ka danna maɓallin rubuta sabon saƙo, ka sa adireshi, ka sa take. Abin da ke jan mutane zuwa tsohon saƙo ƙyuyar jera adireshi ce kawai. Maganinta, ka kwafo sunayen daga tsohon saƙon ka liƙa a sabon, ko ka haɗa mutanen da kake yawan rubuta wa tare a rukuni ɗaya cikin littafin adireshinka, ka riƙa kiran su da suna ɗaya.

Dalilin da ya sa nake matsawa a kan wannan shi ne, mutane suna da hanyar toshe kunnensu daga zaren da ya ishe su. A Gmail akwai Mute, wanda ke sa sababbin amsoshi su wuce akwatin shiga ba tare da sun tsaya ba. A Outlook akwai Ignore, shi kuwa kwandon shara yake kai su kai tsaye. Idan ka cusa sabuwar maganarka a zaren da wani ya riga ya toshe, ka aika, amma kamar ba ka aika ba. Sannan ka shiga haƙƙin mai zaren: tambayarsa ba a gama amsa ta ba, ka zo ka karkatar da hankalin mutane zuwa taka.

Idan kana da batutuwa uku da ba su da alaƙa, ka aika saƙo uku. Saƙo ɗaya mai batu uku, mai sauƙin ake amsawa a manta da sauran. Idan kai aka aiko wa irin wannan, kana iya raba shi da kanka: ka amsa kowane batu daban da nasa taken, ka ce ka yi hakan.

Tsohon zaren da ya kwanta wata da watanni fa? Idan ainihin maganar ce ta dawo kuma ana buƙatar tarihinta, ka amsa a cikinsa, amma ka fara da layi biyu na tunatarwa: inda aka tsaya, da abin da ya taso yanzu. Idan an riga an rufe maganar, wani abu ne mai kama da ita ya taso, ka buɗe sabo ka ambaci tsohon da takensa da ranarsa.

Mataki na biyar: rubuta taken kansa

Ka sa kalmar da ta fi nauyi a farko, don a waya kalmomin farko kaɗan ne ke fitowa, sauran a yanke. "Kwangilar gyaran rufi: ana jiran sa hannunka" ta fi "Game da maganar da muka yi jiya dangane da batun kwangila". Ƙa'idar imel ta so kada layi ya wuce harafi 78, take mai kyau kuwa bai cika kaiwa can ba. Take irin su "Tambaya", "Salam", "Don Allah duba" ba sa gaya wa kowa komai, kuma a manhajar da ke dogara da take wajen haɗa saƙonni suna iya cakuɗa maganganun da ba su san juna ba.

Kada ka sa "gobe" ko "yau" a take. Saƙon da aka buɗe bayan kwana biyu, gobensa ta zama jiya. Ka rubuta ranar, kuma watan da sunansa: 3 ga Afrilu. Idan ka rubuta 03/04, mutumin Ingila zai karanta 3 ga Afrilu, na Amurka ya karanta 4 ga Maris.

Game da baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ: asalin ƙa'idar imel baƙaƙen Ingilishi kawai ta sani a goshin saƙo, sai daga baya aka samar da hanyar shigar da na sauran harsuna, wadda RFC 2047 ta 1996 ta bayyana. A yau suna tafiya lafiya a manyan manhajoji, ka rubuta abinka daidai. Sai dai wurin bincike na iya ɗaukar "ƙudiri" da "kudiri" a matsayin kalmomi biyu daban, don haka idan aiki na da suna, ku tsaya a kan rubutu ɗaya.

Re: ɗin da ke farkon amsa, RFC 5322 ta ce daga Latin yake, "in re", wato "game da", ta kuma ce guda ɗaya ya kamata a sa. Idan kana rubutu da mutanen wasu ƙasashe za ka ga AW: daga Jamus, ko SV: daga Suwidin da Nowe, duk amsa suke nufi. Manhajar da ba ta gane na wata ba sai ta ƙara nata a kai, har ka ga "Re: AW: Re: AW:" ya cinye wurin take. Idan ya kai haka ka share tarin ka bar Re: ɗaya. Fwd: ko FW: kuma alamar an turo saƙon wani ne. Idan za ka tura saƙo gaba, ka duba ko tsohon taken zai yi wa sabon mai karɓa ma'ana, in ba zai yi ba ka sake shi, ka kuma rubuta masa layi ɗaya na abin da kake so ya yi da saƙon.

Kada sirri ya hau take. Take yana fitowa a fuskar waya ko tana kulle, na kusa da mai ita ya gani. Hatta hanyoyin rufe saƙo irin PGP da S/MIME, a tsarinsu na asali cikin saƙo suke rufewa su bar take a buɗe. Sunan mara lafiya, adadin albashi, lambar asusu, sakamakon ladabtarwa, duk a ciki ake sa su.

Kada kuma ka sa Re: da hannunka a kan saƙon da ba amsa ba ne don a ɗauka an saba da kai. Yaudara ce, kuma a Amurka dokar CAN-SPAM ta 2003 ta hana take mai yaudara a saƙonnin talla. 'Yan damfara sun san irin amincewar da mutane ke yi wa tsohon zare. Muguwar manhajar nan Emotet, wadda 'yan sandan ƙasashe da dama tare da Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, suka tarwatsa cibiyoyinta a Janairun 2021, satar hirarrakin gaske take yi daga akwatin wanda ta kama, ta amsa a cikinsu da fayil mai cutarwa. Saboda haka idan tsohon zare ya farka kwatsam, da fayil a maƙale da 'yar gajeriyar magana da ba ta yi kama da ta mai ita ba, ka kira shi ka tabbatar kafin ka buɗe.

Idan an riga an yi kuskure

Idan kai ne ka cusa magana a zaren da ba nata ba, kada ka tsaya dogon ban haƙuri. Ka sake aika ta a sabon saƙo da taken da ya dace, sannan ka bar layi ɗaya a tsohon: "Afuwan, na sa wannan a inda bai dace ba, na sake turowa daban, a amsa a can."

Idan wani ne ya yi, kada ka gyara masa a gaban jama'a. Mafi yawan masu yin haka ba su san akwai wani ɓoyayyen zare ba, ba wanda ya taɓa nuna musu. Ka amsa maganarsa a sabon saƙo mai take nagari, ka kwafo abin da ya rubuta, ka ce ka ware ta ne don kowa ya gani. Idan abin ya yi ta maimaituwa, sai ka rubuta masa shi kaɗai, ko ka faɗa masa baki da baki. Abokiyar aikin nan tamu, bayan ƙura ta lafa, abin da na rubuta mata ke nan: "Malama, barka da aiki. Sanarwarki ta shige ƙarƙashin saƙon barka da dawowa, shi ya sa wasunmu ba su gan ta da wuri ba. Idan irin wannan ta taso, ki buɗe sabon saƙo. Na haɗa adireshinmu mu tara a ƙasa, sai ki kwafa ki ajiye."